Uwargida, Kada Gardamar Ƙungiya Ta Cinye Rabon Maraya

Da zarar azumi ya ƙarato ko Babbar Salla ta kawo jiki, ƙungiyoyin taimako sukan tashi haiƙan a Boɗinga da Shagari da ƙauyukan da ke kewaye da su. Wasu na tara hatsin buɗa-baki, wasu na ɗinka wa marayu kayan salla, wasu na bi gida-gida suna karɓar fatun layya. A daidai wannan lokaci ne kuma gardama ke kunno kai a gidan suna, a makarantar Islamiyya, da zaurukan WhatsApp na dangi. Wannan ta ce ƙungiyarsu ce mai amana, waccan ta ce ai 'yan nuna-kai ne. Kafin ki ankara, maganar buhun gero ta koma maganar wa ke kan shiriya, wa ya ɓata.

Uwargida, da wuya a ce ba ki da ɓangaren da zuciyarki ta fi kwanciya da shi, kuma wannan ba laifi ba ne. Kowace ƙungiya da tarihinta. An kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne shugabanta. Fityanul Islam ta mabiya ɗariƙa ta samo asali a Kano a 1963. Shehu Isma'ila Idris ya kafa Izala a Jos a 1978, daga baya ta rabu gida biyu, ɓangaren Jos da ɓangaren Kaduna. Mata kuma suka kafa tasu, FOMWAN, a Minna a 1985. Ga kuma Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato. Saɓanin fahimta da ke tsakanin wasu daga cikinsu na gaske ne, babu amfanin ɓoye shi. Amma cikin yaro ɗaya ne duk suke ƙoƙarin cikawa.

Idan gardama ta yi zafi, ba shugabannin ƙungiya take fara ƙonawa ba. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, ita ce za ta ji nauyin zuwa karɓar hatsi a masallacin da ba nan marigayi yake salla ba. Mai hali da ya ji ana ta jifan kowane ɓangare da zargin cin amana, sai ya ɗaure bakin buhunsa ya ce kowa ma ɓarawo ne. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa rukuni takwas na waɗanda ake bai wa zakka, babu inda aka ambaci ƙungiyar da mutum yake ciki. Aya ta 264 a Suratul Baƙara kuwa ta yi gargaɗin cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka.

Ba sai kin je nesa neman abin koyi ba, a ƙasarki yake. Bayan jihadi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana Boɗinga. Malaman nan biyu sun saɓa a kan batutuwa irin su kiɗa, da laƙuban sarauta, da tufafin ƙawa, Abdullahi ya fi tsanantawa. A rubuce suka yi gardamarsu, kowa ya kawo hujja. Abdullahi ya bayyana ra'ayinsa a littafin Diya'us Sulɗan, Shehu ya yi nasa bayanin a Najmul Ikhwan a 1812. A cikin wannan littafin ne Shehu ya hori almajirai da su karanta littattafan Abdullahi, wato mutumin da ya saɓa masa. A shekarar ce kuma ya danƙa masa kula da yammacin daula. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma ba sa barin baki ɗaya.

To, ke me za ki yi idan zancen ya taso a gabanki?

Ki tsaya a kan aiki, ki bar zuciyar mutane ga Mahaliccinsu. Kina da haƙƙin tambaya: nawa aka tara bana? Marayu nawa suka samu? Wa ya rubuta sunayen, kuma da wane ma'auni? Kuɗin fatun layya, me aka yi da su? Ki fara yi wa taki ƙungiyar waɗannan tambayoyi kafin ki yi wa ta maƙwabciyarki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma da kin ce "ai don a gan su suke yi", kin bar abin da idonki ya gani kin shiga abin da Allah kaɗai ya sani.

Ki yi hattara da abin da kike turawa. Guntun bidiyon wa'azi na daƙiƙa 30, ko saƙon murya da ke cewa an karkatar da kayan marayu a wani gari, ba tare da sunan mai magana ba, kada ya wuce daga wayarki. Magana zarar bunu ce. Idan zargin ya dame ki, ki kai shi wurin shugabar mata ta ƙungiyar, ko limami, ko hakimi, inda za a iya bincikawa.

Ki kira mutane da sunan da suke kiran kansu. Kowane ɓangare yana da laƙabin tsokana da ake jifan sa da shi, kin san su. Ɗanki na jin ki yana wasa a tsakar gida, gobe shi zai maimaita wa ɗan maƙwabta a makarantar allo, kuma watakila jibi ɗan maƙwabtan nan ne zai zo neman auren 'yarki.

Ki san lokacin da za ki ja baki. Idan muryoyi suka fara tashi a gidan biki, ya isa ki ce, "Yaya, Allah ya karɓa mana gaba ɗaya, mu koma kan girkinmu." Idan uwar miji ce ko wata babba, ki bar ta da girmanta: "Inna, Allah ya ba ki lada, ni ma zan kai nawa inda na saba." Ba ki bar ra'ayinki ba, ba ki kuma yanke zumunci ba.

Sannan ki gwada wani abu guda a bana. A layinku, ki nemi gida ɗaya mai buƙata wanda ba ɓangarenku ba ne, ki aika 'yarki da kwanon tuwo ko mudun gero, ba tare da wa'azi ba. Idan za a rubuta sunayen mabuƙata a unguwa, ki ba da shawara matan ƙungiyoyi daban-daban su zauna su haɗa takarda ɗaya, don kada wani gida ya karɓa sau uku wani ya kwana da yunwa.

Allah ya karɓi sadakarmu, ya tsare mana harsunanmu, ya raya mana zuriya a kan zumunci.