HANYAR KEKE DA TA ƘAFA: DARASI DAGA YANKIN KOPENHAGEN



Abin da za mu duba yau shi ne yadda hukumomin yanki guda suke haɗa kai su gyara hanya saboda mai tafiya a ƙasa da mai keke. Misalinmu kuwa shi ne Kopenhagen, babban birnin Denmak, da garuruwan da ke kewaye da shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motoci sun cika titunan birnin, har masu keke suka fara raguwa. A 1962 sai hukuma ta hana mota bin Strøget, watau babban titin ciniki na tsakiyar gari, ta bar shi ga masu tafiya a ƙasa. 'Yan kasuwa sun yi ta kukan cewa ciniki zai mutu, amma jama'a sai ƙara tururuwa suka yi. Da rikicin man fetur ya auku a 1973, gwamnati ta hana tuƙa mota ranar Lahadi har na 'yan watanni, mutane suka ga yadda gari yake idan babu hayaƙi da haɗari.

To, amma fa ma'aikaci ba a iyakar ƙaramar hukumarsa yake tsayawa ba. Yana kwana a wannan gari, yana aiki a wancan. Idan hukuma ɗaya ta shimfiɗa hanyar keke, maƙwabciyarta ta ƙi, to mai keke zai tarar hanya ta yanke masa a tsakiyar motoci, kuma a nan ne ake rasa rai. Saboda haka a 2009 ƙananan hukumomin yankin da hukumar Yankin Babban Birni suka ƙulla yarjejeniyar gina manyan hanyoyin keke masu ratsa iyakokinsu. Ta farko an buɗe ta a 2012, daga Albertslund zuwa Kopenhagen, tsawonta wajen kilomita 17. Ta Farum ta biyo baya a 2013.

Kowace hukuma ita ke aikin ɓangarenta, amma ma'auni ɗaya ne, alamomi ɗaya ne, kuma ofishi guda ke tsara aikin duka. Ana raba hanyar keke da ta mota da ɗan tudu. Ana sa famfon iska a bakin hanya. A wasu tituna an daidaita fitilun ba da hannu yadda mai gudun kilomita 20 a awa ba zai riƙa tsayawa ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata ma'aikatanmu su lura cewa birnin Kano ma ƙananan hukumomi da dama ne suka haɗa shi, kuma yaron da ke tafiya makaranta a ƙasa bai san inda iyakar wata ta ƙare ba. Kafin kuɗi da kwalta, sai an fara samun yarjejeniya.