Farin Goro, Jan Goro: Yadda Ake Gane Ƙwayoyin da Suka Sarƙe

A Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, ba a rasa tsohuwar da za ta rantse cewa in Hassan ya kwanta zazzaɓi a Kano, Hussaini da ke gida sai ya kwana da ciwon kai. Wannan dai zancen tsakar gida ne. Amma masana ilimin kwantum, masu nazarin ƙwayar zarra da ƙwayar haske, su ma suna da nasu tagwayen, kuma nasu an ɗora su a ma'auni.

Akan haifi ƙwayoyin haske biyu daga tushe ɗaya, a sake su, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. Duk wadda aka auna, amsarta kamar ƙuri'a ce, ba mai iya faɗinta tun kafin lokaci. Sai an haɗa amsoshin biyu ake ganin sun dace da juna, komai nisan da ke tsakani. Erwin Schrödinger ne ya raɗa wa abin suna a 1935, sunan da ma'anarsa ita ce sarƙewa.

Albert Einstein bai gamsu ba. A shekarar ne shi da Boris Podolsky da Nathan Rosen suka rubuta cewa akwai abin da ilimin kwantum ya bari a baya. Hujjarsu kowane ɗan kasuwa zai gane ta. A raba takalmi ƙafa biyu, a ƙunshe kowace a buhu, a aika ɗaya Gezawa. Wanda ya kwance nasa a Zakirai ya ga ƙafar hagu, nan take ya san ta dama ce ta tafi. Ina abin mamaki? Tun wajen ƙunshewa aka gama magana. Kusan shekara 30 ana wannan gardama ba mai raba ta, sai a 1964 John Bell, ɗan Belfast mai aiki a cibiyar CERN ta Janiba, ya nuna cewa ƙidaya za ta iya yanke hukunci.

Masanan da suka biyo baya sun mayar da lissafinsa wasa. A ajiye Hassan a Zakirai, Hussaini a Gezawa, kowanne da farin goro da jan goro a aljihu, a karɓe musu wayoyi. Alƙalin wasa ya jefa ƙuri'a ya ce wa kowanne “gero” ko “dawa”, shi kuma ya zaro goro ɗaya. Sharaɗin shi ne su zaro launi iri ɗaya, sai fa in dukansu “dawa” aka ce musu, to nan dole launin ya bambanta. An yarda su ƙulla duk dabarar da suka ga dama kafin su rabu. Su kwana suna shawara, ba za su wuce cin uku cikin huɗu ba, domin babu wanda ya san kalmar da aka faɗa wa ɗan'uwansa. Mafi sauƙi ma su ce kullum fari, su haƙura da faɗuwa duk lokacin da “dawa” ta zo wa kowa. Kashi 75 cikin 100 ke nan, kuma nan takalmin Einstein ya tsaya. To amma in kowanne yana riƙe da ɗaya daga ƙwayoyi biyu da suka sarƙe, yana aunawa kafin ya zaro goro, sai cin ya kai kusan 85 cikin 100. Wannan ratar ta goma ita ce shaidar.

A ɗakin gwaji ba goro. Akwai gilashi mai tace haske, irin na wasu tabarau na rana: a riƙe shi gaban fuskar wata wayar a juya a hankali, sai ta yi duhu, ta sake haske. Kusurwar da aka juya gilashin ita ce kalmar alƙali. Ƙwayar ta wuce ko ta maƙale, shi ne launin goro. Daga amsoshin ake fitar da lamba guda, bisa tsarin da John Clauser da abokansa uku suka wallafa a 1969. In dai shiri ne tun daga gida, lambar ba ta haura 2. Ƙwayoyin da suka sarƙe kan kai ta har 2.83.

Clauser da Stuart Freedman suka fara gwadawa a Berkeley ta Amurka a 1972, da hasken ƙwayoyin sinadarin kalsiyam. Clauser ya so a ce Einstein ne da gaskiya, na'urarsa ta ƙi ba shi haɗin kai.

Masu shakka ba su ajiye makami ba, kuma sun kyauta. Suka ce wa ya sani ko wani saƙo na ratsawa tsakanin na'urorin? A 1982 Alain Aspect, a Orsay ta Faransa, ya riƙa sauya kusurwar awo ƙwayoyin na kan hanya, da saurin da ko haske ba zai kai gulma ɗaya gefen ba. Suka ce ai ƙwayoyi da yawa na ɓacewa ba a ƙirga su ba. Sai a 2015, a Delft ta Holan, ayarin Ronald Hanson ya toshe ƙofofin shakkar biyu lokaci guda, da lu'ulu'u biyu masu tazarar kilomita 1.3. Gwaji 245 suka yi, lambar ta ba da 2.42. A 2017 kuma tauraron ɗan'adam na Sin mai suna Micius ya raba ƙwayoyin haske tsakanin Delingha da Lijiang, kilomita 1,200, aka samu 2.37.

Mai karatu zai lura cewa ba a taɓa kama sarƙewa da awo ɗaya. Awon ma shi ke warware ta, kamar ƙwan da aka fasa don a ga ko ya lalace. Dole a yi ta haifar sababbin tagwaye, kowane gefe yana cika littafinsa, daga baya a haɗa littattafan. Littafin Hassan shi kaɗai shirme ne tsantsa, fari da ja ba tsari. Shi ya sa sarƙewa ba ta aika saƙo fiye da gudun haske, duk da abin da ake yawan yaɗawa a Facebook.

In ƙwayoyin sun yi yawa, aikin sai ya zama jidali. A 2005 masana a Innsbruck ta Ostiriya sun sarƙe ƙwayoyi takwas, kuma don su zana cikakken hotonsu sai da suka saita na'ura ta hanyoyi 6,561, aikin wajen awa goma. Duk ƙwaya ɗaya da aka ƙara, yawan ya ninka uku. Saboda haka aka koma ga gajeriyar hanya da ake kira mai shaida, wadda ta samo asali daga aikin Asher Peres da iyalin Horodecki na Folan, uba da 'ya'yansa, a 1996. Awo ne kaɗan da in sakamakonsa ya faɗi ƙasa da sifili, to akwai sarƙewa. Sai dai shaida ne mai ido ɗaya: in ya ce ya gani, ya gani, in ya yi shiru, ba a wanke kowa ba. A 2003 Leonid Gurvits ya tabbatar cewa tantance sarƙewa a kowane hali na cikin matsalolin da suka fi ba kwamfuta wuya.

Duk wannan wahala da dalilinta. Tun 1991 Artur Ekert ya nuna cewa mutum biyu za su iya ƙulla makullin sirri da irin waɗannan ƙwayoyi, kuma in ɓarawo ya leƙa a hanya, lambar nan ta tsarin Clauser za ta sauko, asirinsa ya tonu. Masu ƙera kwamfutar kwantum su ma da irin wannan awo suke gane ko na'urarsu na aiki.

A 2022 aka ba Aspect da Clauser da Anton Zeilinger lambar yabo ta Nobel kan waɗannan gwaje-gwaje. Bell bai ga ranar ba, ya rasu tun 1990.