Karmo: Yadda coci-coci ke kai ɗauki ga iyalan da tsadar rayuwa ta durƙusar

Duk wanda ya bi hanyar Life Camp zuwa Gwagwa da sassafe zai haɗu da ayarin mutanen Karmo sun nufo cikin birni. Akwai masu gadin ma'aikatu da direbobin manya, akwai masu shara da masinjoji da magina, akwai kuma mata masu aikatau a gidajen Jabi da Gwarinpa da Maitama. Da almuru sukan koma unguwar da yawancin lungunanta ba su da kwalta, inda ake sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa, inda kuma iyali mai mutum shida kan kwana a ɗaki guda. A irin waɗannan gidaje ne taimakon coci-coci yake da nauyin da mai albashi mai tsoka ba zai iya kwatantawa ba, domin mudun shinkafa ko kuɗin makarantar zango ɗaya kan raba iyali da tozarta.

Karmo tana cikin ƙaramar hukumar birnin Abuja, wato AMAC, maƙwabciya ga yankin masana'antu na Idu, inda tashar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna take tun 2016. Asalinta ƙauye ne, tun kafin dokar 1976 da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa birnin tarayya da ita. Da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas a Disambar 1991, ma'aikata da 'yan ci-rani suka kwararo, kuɗin haya a tsakiyar birni kuma ya gagari ƙaramin ma'aikaci, sai unguwanni irin su Karmo da Mpape da Gwagwa suka cika suka batse. Rusau ɗin da aka yi a Idu da Karmo lokacin da Malam Nasir El-Rufa'i yake ministan Abuja, tsakanin 2003 da 2007, ya raba dubban mutane da muhallinsu, amma unguwar ta sake cika, don kuwa dalilin da ya kawo mutane bai gushe ba.

Matsin ya ƙaru tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a Abuja kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashin abinci kuma ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar wannan shekarar, bisa ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 bai shafi mai wanki ko mai tura baro a kasuwar Karmo ba, tunda ba shi da takardar ɗaukar aiki. A 2025 kuma malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki kan wannan albashin, iyaye matalauta suka rasa inda za su kai 'ya'yansu sai makarantun kuɗi ko zaman gida.

Taimakon da coci-coci ke bayarwa yana da tsari iri-iri, gwargwadon ɗarika. A cocin Katolika akwai ƙungiyar Saint Vincent de Paul, wadda Frédéric Ozanam da wasu abokansa ɗalibai suka kafa a birnin Paris na Faransa a 1833. Ginshiƙin aikinta shi ne ziyarar gida: mambobi kan je su biyu-biyu, su zauna da iyali, su ga halin da ake ciki da idonsu, sannan su koma su tattauna abin da ya dace a yi. A cocin ECWA da sauran coci-cocin da ke sujada da Hausa, kamar COCIN da EYN, Zumuntar Mata ce ke ɗauke da babban kaso na wannan nauyi. Matan su ne ke zuwa gaisuwar mara lafiya da barkar haihuwa da ta'aziyya, su ne kuma kan fara sanin gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Kuɗin aikin kan fito ne daga baikon ranar Lahadi, da gudummawar godiyar kaka, da abin da masu hali suka ware lokacin azumin kwana arba'in da Kirsimeti.

Wannan aiki yana da tushe mai nisa a tarihin addinin. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 6, ya ba da labarin ƙorafin da ya taso a ikilisiyar farko ta Urushalima, cewa ana tsallake matan wani ɓangare da mazansu suka mutu wajen rabon abincin yau da kullum. Maganin da aka samo shi ne zaɓen mutum bakwai amintattu su kula da rabon. Ke nan tun farko an gane cewa kyakkyawar niyya ba ta wadatar idan babu tsari da sanin wanda ake bai wa.

Abuja ta koyi wannan darasi da hawaye a safiyar Asabar, 21 ga Disambar 2024. Jama'a masu yawa, wasu daga Mpape da Gishiri, suka yi sammako zuwa cocin Katolika na Holy Trinity da ke Maitama, inda za a raba kayan abincin Kirsimeti. Turmutsutsun da ya ɓarke ya yi sanadin mutuwar mutum 10, huɗu daga cikinsu yara, kamar yadda 'yan sanda suka bayyana. A ranar ce aka yi makamancin haka a Okija ta jihar Anambra, kwana uku kacal bayan wanda ya halaka yara 35 a Ibadan. Rundunar 'yan sanda ta umarci duk mai shirya rabon kaya ga jama'a ya sanar da ita tukuna. Abin da ya fito fili shi ne yunwa ta kai matakin da sanarwar rabo ɗaya kan jawo taron da ya fi ƙarfin kayan da aka tanada, ya kuma fi ƙarfin ƙofar da za a shiga.

A nan ne ƙananan coci-cocin unguwa irin na Karmo suke da abin da manyan coci-cocin tsakiyar birni ba su da shi. Fasto da dattawan ikilisiya suna zaune a cikin jama'ar da suke taimaka wa. Sun san matar da mijinta ya mutu ya bar mata marayu, sun san magidancin da aka sallama daga masana'anta, sun san iyalin da rikicin Boko Haram ya koro daga Gwoza ko Michika suka raɓe a ɗakin ɗan'uwa. Kayan da aka kai gida da yamma ba ya tara taro, ba ya kuma tilasta wa mai mutunci tsayawa a layi gaban kyamarar waya. Rauninsu shi ne ƙarancin abin hannu, domin masu ba da baikon su ma talakawa ne. Dukiya tana Maitama da Asokoro, sanin mabuƙata kuma yana Karmo, haɗa su biyun shi ne aikin da ya rage.

Akwai kuma batun wanda za a bai wa. Karmo unguwa ce ta Musulmi da Kirista, Gbagyi da Hausawa da Ibo da Tibi da sauran ƙabilu, sau da yawa a gidan haya ɗaya. Ƙa'idar Saint Vincent de Paul ta hana tambayar mabuƙaci addininsa, kuma duk cocin da ya riƙe wannan ƙa'ida yana kare kansa daga zargin sayen mabiya da buhun shinkafa. Masallatan unguwar ma suna da nasu rabon na zakka da sadaka da ciyarwar watan Ramadan. Idan limamai da fastoci da masu unguwa suka kwatanta sunayen da ke hannunsu, za a rage yadda wani gida ke karɓa sau biyu alhali maƙwabcinsa bai samu ko sau ɗaya ba.

Ga jami'an gwamnati darasin a bayyane yake. Shirin bai wa magidanta miliyan 15 naira 25,000 a wata har tsawon wata uku, wanda aka ƙaddamar a Oktoban 2023, ya gamu da cikas bayan dakatar da ministar jinƙai Betta Edu a Janairun 2024, kuma ingancin rajistar mabuƙata ta ƙasa na daga cikin abin da aka fi jayayya a kai. Sakatariyar raya jin daɗin jama'a ta hukumar birnin tarayya za ta iya amfana da sanin da matan zumunta da kwamitocin masallatai suka tara wajen tantance sunaye, ba tare da miƙa musu nauyin da yake na gwamnati ba.

Ma'aikacin da ke son ba da gudummawa a Kirsimeti ko Sallah kuwa, ba sai ya yi hayar rumfa da lasifika ba. Ya isa ya tambayi direbansa ko mai gadin ofishinsa wane coci ko masallaci ne ke ziyarar gidaje a unguwarsu, ya miƙa kayan ga kwamitin, ya kuma nemi a faɗa masa gidaje nawa suka samu.