Haƙƙin Mata: Daga Majalisin Shehu Zuwa Turmin Sunke

 Duk sa'ad da mata suka fito suna kukan an danne musu haƙƙi, amsar da ta fi saurin fitowa daga bakinmu ita ce, wannan aikin Turawa ne. Mu dai muna ganin amsar nan ta yi araha, domin gardamar ta girmi zuwan Turawa ƙasar nan, kuma a ƙasar Zamfara ma an taɓa yin ta.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ba da labari a cikin Tazyinul Waraƙati cewa sun zauna Zamfara tare da Shehu Usmanu wajen shekara biyar suna kiran mutane zuwa ga addini. A cikin wannan tafiya ne wani malami, Mustafa Goni, ya aiko da baitoci yana neman Shehu ya hana mata zuwa wurin wa'azinsa. Shehu ya umarci Abdullahi ya mayar da jawabi, jawabin kuwa ya tsaya a kan cewa barin mata cikin jahilci ya fi halartarsu majalisi muni. Daga wannan gida Nana Asma'u ta fito, wadda ta rasu a 1864, ta bar tsarin 'Yan Taru da jajoji masu kai karatu ƙauyuka.

A zamaninmu kuma an kafa ƙungiyar WIN a Zariya a 1982, mata Musulmi suka kafa FOMWAN a Minna a 1985, kowace da inda ta sa gaba. Ba duk abin da masu fafutuka ke nema muka yarda da shi ba. Kiran a daidaita rabon gado tsakanin ɗa da 'ya, wanda yana cikin abubuwan da suka jawo wa ƙudurin da Majalisar Dattawa ta ƙi a watan Maris na 2016 suka, ba mu tare da shi, domin rabon nan nassi ne ya yanke shi. Amma fa adalci ya sa mu faɗi cewa da aka ɗaukaka ƙarar Amina Lawal, har kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta a watan Satumba na 2003, hujjojin da lauyoyinta suka kafa daga fiƙihun Malikiyya suka ciro su, har da mas'alar kwantaccen ciki. Watau littattafan da ke jibge a zaurukanmu su aka buɗe mana.

Yanzu sai mu je Sunke, a ƙasar Anka, inda ba a taɓa ɗaga allon zanga-zanga ya shiga jarida ba. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: Sunke, Dareta, Abare, Tungar Daji, Duza, Yargalma da Tungar Guru. Sanadin shi ne dutsen zinariyar da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa. Maza su kawo dutsen gari, a farfasa, a niƙa, a shanya, sau da yawa a tsakar gida, mata suna daka da goyo a baya, ƙurar tana sauka a ƙasan da yaro ke rarrafe da ƙwaryar da yake sha. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka fitar da aikin daga cikin gari, aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, Bagega kuwa ba ta sami wannan gyara ba sai 2013.

Talauci ne ya kai mutane ga wannan sana'a, ba mu musu, kuma babu wanda ya san akwai guba a dutsen. To amma mu duba abin da fiƙihu ya ce. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halilu da sharhohinsa, sun rarrabe hidimar cikin gida, irin su kwaɓa gari da shara da shimfiɗa, da aikin neman kuɗi, irin su kaɗi da saƙa. Na biyun ba a tilasta wa mace shi, domin ciyarwa da tufatarwa da mazauni a wuyan miji suke. In kaɗin auduga bai zama dole a kanta ba, ina ga dakan dutse? In kuwa ta yi da son ranta, ladan aikin nata ne, miji ba shi da iko da ko kwabo. Mazaunin da shari'a ta wajabta kuma shi ne wanda ba ya cutar da ita da 'ya'yanta. Mata nawa ne a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum aka taɓa karantar da su wannan babi? Mun karantar da su babin biyayya har sun haddace, wannan kuwa mun nannaɗe shi mun ajiye.

Haka zancen gado. Mai kare rabon Alƙur'ani a bakin kasuwa, shi ne wani lokaci zai riƙe gonar mahaifinsu shekara ashirin, 'yan'uwansa mata ba su ga ko dami ɗaya ba, matar marigayi kuma a sallame ta ba tumuninta. Alhazai 'yan kasuwa da ma'aikata masu karanta wannan shafi sun san gidajen da muke nufi, wataƙila ma ba sai sun leƙa waje ba.

A watan Janairu na 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar ƙungiyar zawarawa, ta shirya jerin gwano a Kano don nuna yawan sakin aure, Hukumar Hisba ta hana. Muna fahimtar tsoron fitina a titi. Sai dai Haula 'yar Sa'alaba ta kai ƙarar mijinta Ausu ɗan Samitu gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi ta maimaita kukanta, ba a ce ta yi rashin kunya ba, sai ma aka saukar da hukuncin zihari a farkon Suratul Mujadala. In za a rufe wa mata titi, wajibi ne a buɗe musu ƙofar alƙali, ba tare da jeka-ka-dawo ba.

Jihar Zamfara ta fara aiki da dokokin Shari'a a watan Janairu na 2000, an yi ta maganar haddi da bulala. Abin da muke roƙon alƙalai da limaman Juma'a na yammacin jihar shi ne su ware huɗuba da zaman karatu a kan nafaƙa, da ladan aikin mace, da rabon gonaki, a kuma naɗa mata masu karatu su shiga gidajen Sunke da maƙwabtanta su isar da shi, kamar yadda jajojin Nana Asma'u suka yi.