Mark Kermode da Tarken Fim da Baka

Nufin wannan takarda shi ne a bayyana aikin wani mutumin Ingila mai suna Mark Kermode, wanda sana'arsa ita ce kallon finafinai da yanke hukunci a kansu. Amma sai mun fara daidaita sunan sana'ar. In aka ce masa mai suka an tauye shi, gama suka a Hausa aibatawa ce, shi kuwa yakan yaba kamar yadda yakan kushe. Mai sharhi ya fi kusa, sai dai sharhi bayani ne, ba lalle ya kai ga hukunci ba. Saboda haka za mu bi malaman adabi mu kira aikin tarke, mai yinsa kuma matarki.

An haife shi a Barnet, arewacin Landan, cikin 1963. Ya sami digirin dakta a Jami'ar Mancesta cikin 1991, bincikensa kuwa a kan labaran ban tsoro ne. Ya yi rubutu a mujallu da dama, har ya gaji Philip French, ya zama babban matarkin finafinai na jaridar Observer daga 2013 zuwa 2023. Fim ɗin da ya fi so shi ne The Exorcist na 1973, labarin yarinyar da shaiɗan ya shiga jikinta, ya kuma rubuta littafi a kansa cikin 1997.

Amma fa ba alƙalami ne ya yaɗa sunansa ba, baki ne. Daga 2001, kowace Jumma'a, shi da Simon Mayo sukan yi shirin finafinai a tashar 5 Live ta gidan rediyon BBC. Cikin 2005 aka fara sa shirin a intanet ya zama fodkas, watau shirin sauti da mutum ke saukewa ya saurara sa'ad da ya ga dama. Cikin 2022 suka bar BBC, suka buɗe nasu fodkas ɗin.

A nan ne mai nazarin harshe zai tsaya. Matarki mai rubutu ba mai katse shi. Ya faɗi hukunci, mai karatu ya karɓa ko ya ajiye jarida. Kermode kuwa yana da Mayo a gabansa, wanda ba ya da'awar gwaninta a kan fim. Shi ne wakilin mutumin kan titi. In Kermode ya shiga ambaton masu shirya finafinai na dā, sai Mayo ya katse shi ya tambaya ko fim ɗin ya isa a biya kuɗi a kalla. Ta haka hukunci ke komawa muhawara, dole matarki ya kawo dalili nan take, cikin kalmomin da kowa ya sani. Ginin jimlarsa ma daban yake da na rubutunsa: maimaici, da jera aibi bisa aibi, da kwaikwayon muryar 'yan wasa, da sauri wanda ke ƙaruwa tare da fushi. Wanda ya kwafe wannan a takarda zai ga rabin ma'anar ya zube. Mu da rubutunmu ba ya nuna karin sauti mun san irin wannan hasara.

Masu sauraro su ma sun shiga. Ana karanta wasiƙunsu, har aka sami sara wadda baƙo ba ya ganewa, kamar gaisuwar da akan aika wa ɗan wasa Jason Isaacs, abokin makarantar Kermode, a kowane mako. Sun kuma tsara ƙa'idodin zama a gidan silima, ciki har da hana taɓa waya da cire takalmi.

Abin da ya fi shahara a aikinsa shi ne faɗa. Cikin 2010 ya yi wa Sex and the City 2 kaca-kaca saboda bautar kayan duniya da ya gani a ciki, aka yanke wannan guntu ya yi ta yawo a intanet. A ganina nan ne raunin tarken baka yake. Faɗa ya fi daɗin ji, shi ake yaɗawa, yabon ƙaramin fim kuwa da wuya ya bar inda aka yi shi. Ga shi kuma faɗan ba ya hana ciniki: kashi na biyu na Pirates of the Caribbean, na 2006, wanda ya kushe ƙwarai, ya tara fiye da dala biliyan 1. Shi kansa ya yarda, a littafinsa na 2011, cewa matarka ba su da iko bisa irin waɗannan manyan finafinai.

Duk da haka mai magana kowane mako yana da damar komawa kan abin da ya faɗa a gaban waɗanda suka ji shi. Fim ɗin A.I. na 2001 ya kushe shi da farko, daga baya ya sāke kallo ya sāke ra'ayi. Da ya yi hira da mai shirya shi, Steven Spielberg, cikin 2013, sai ya ba shi haƙuri, masu sauraro suna ji.