Kasuwar Manyan A-Kori-Kura Ta Yi Sanyi a Tsiga da Kewayenta

Jama'a, malamai da 'yan kasuwa, ga wani al'amari da ya shafi dukiyar mutanenmu na Tsiga da sauran ƙasar Bakori, har zuwa Funtuwa da Malumfashi. Shekarun baya kaɗan, idan babban manomi ya yi kaka mai albarka, ya kai masara da waken suya da auduga kasuwa, burinsa shi ne ya ajiye babbar a-kori-kura a ƙofar gida, gama ana ɗaukarta ajiya ce kamar saniya, ran da bukata ta taso a sayar a fid da kuɗi. To, wannan lissafi ya rushe.

A-kori-kura dai ba baƙuwa ba ce a gare mu. Tun da kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci a Kaduna cikin 1975, ƙaramar nan ta zama jakin ƙauyuka, ta kai taki gona, ta kwaso amfani, kowane makanike ya san cikinta. Daga baya ne manya suka shigo, irin su Toyota Tundra da Ford na ƙasar Amurka, waɗansu masu silinda takwas, ana kawo su gwanjo ta Kwatano da Ikko. Kyau kam akwai shi, ƙarfi kuma ba a magana, amma ba su ƙoshi da mai.

Ran 29 ga Mayu 1999 aka koma mulkin farar hula, ran 29 ga Mayu 2023 kuwa Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haye wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta kai naira 1,000, ta wuce a wurare da dama. Tankin Hilux yana cin lita 80, watau abin da naira 16,000 ke cikawa a da ya koma naira 80,000, balle manyan da suka fi ta ciki. Masu dizal kuwa tun 2022 suka ji a jikinsu, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya ta da farashi. Fetur ya ɗan sauko cikin 2025 bayan matatar Ɗangote ta soma fid da shi, amma bai kusanci inda ya baro ba.

A nan akwai wani ruɗi da ya kamata mai karatu ya lura da shi, don dillalai sukan yi hujja da shi. Za su ce ai mota ba ta faɗi ba, kuɗinta ma ƙaruwa ya yi. A baki gaskiya ne, a ma'auni kuwa ba haka ba ne. A ce mutum ya sayi mota naira miliyan 15 a farkon 2023, sa'ad da dala take wajen naira 750 a hannun 'yan canji. Dala 20,000 ke nan ya biya. A ce kuma ya sayar da ita miliyan 21 bayan dala ta kai naira 1,500. Dala 14,000 ya karɓa. Yana murna ya ci ribar miliyan 6, alhali kuwa kusan sulusin dukiyarsa ya tafi, kuma kowace taya da kowane ƙarfe da ya sa mata da kuɗin dala aka shigo da su. Wannan ma idan ya sami mai saye ke nan.

Masu saye kuwa sun yi ƙaranci, gama farashin hatsi ya faɗi cikin 2025 bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da waɗansu kayan abinci a 2024, taki kuwa bai sauko tare da shi ba. Mai kaya da yawa ya gwammace ya yi hayar kanta zuwa Dandume ko Dawanau, mai kaɗan ya ɗora a babur mai ƙafa uku. Sa'an nan ga tsoron 'yan bindiga, wanda ya sa mai hali ba ya son abin da zai nuna shi a kan hanya. Hilux ce kaɗai ta ɗan riƙe darajarta, saboda hukuma da 'yan kwangila ba su daina nemanta ba.

Ba mu aka fara yi wa haka ba. Cikin 2008, da galan ɗin fetur ya kai dala 4 a Amurka, ƙananan motocin Honda da Toyota suka fi a-kori-kurar Ford kasuwa a watan Mayu. Su dai mansu ya sauko kafin shekarar ta ƙare, kasuwar ta farfaɗo daga baya. Mu kuwa tallafi aka janye.

Inda abin ya fi shafar malamai shi ne wajen rabon gado. Idan aka yi wa motar mamaci kima da kuɗin da dillali ya ambata da baki, aka ba wani magaji ita, aka ba ɗan'uwansa gona a madadinta, lalle an tauye na farko, domin gona tana nan tana ba da amfani, motar kuwa sai ta yi watanni a rumfar dillali batir yana mutuwa. Abin da muke gani ya fi daidai shi ne a kai ta kasuwa a ji tayin wanda ya zo da kuɗi a hannu, a yi kima da wannan, ko kuwa a sayar tukuna, a cire la'ada, sa'an nan a raba abin da ya saura.