UWAR MAGUNGUNA: SUNAN DA YAKE NEMAN ƁACEWA A KWARIN MARAƊI

A kasuwar Maraɗi, ranar Litinin da ranar Juma'a, ƴan magori suna baza saiwoyi da ɓawon itatuwa a kan tabarmi. Cikinsu akwai wata saiwa mai ƙamshi mai ƙarfi irin na man zafi. Matasa ba su san ta ba, amma tsofaffin Tibiri da Jiratawa suna kiran itacenta da sunan girmamawa: uwar magunguna. Sunanta na yau da kullum shi ne sanya.

Wannan suna ba na jiya ba ne. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a arewacin Nijeriya, ya rubuta shi cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a shekarar 1916. Masana kuwa suna kiran itacen Securidaca longipedunculata. Ƙaramin itace ne, furensa shuɗi-shuɗi mai jaja-jaja, ɗansa yana da fiffike guda wanda iska take ɗauka.

Magabata sun ba shi wannan suna saboda yawan amfaninsa. Ana shaƙar garin saiwar domin ciwon kai, ana shafa shi domin ciwon gaɓoɓi, bokaye da ƴan bori suna turare da shi domin iskoki. Manoma a wasu ƙasashen Afirka suna barbaɗa shi cikin hatsi don korar ƙwari, kuma daga ɓawon rassansa ake samun zare mai ƙarfi na igiya.

Binciken zamani ya bayyana dalilin ƙamshin. Saiwar tana ɗauke da wani sinadari ɗan'uwan wanda yake cikin asfirin, shi ne mai rage zafin ciwo. Sai dai saiwar tana da dafi idan ta yi yawa. An sha samun mutuwa a ƙasashen kudancin Afirka ta dalilinta, musamman ga mata da suka yi matsi da ita. Tsofaffin masu magani sun san awo, sun san wanda ba a ba shi. Wanda ya gaji sunan bai gaji awon ba, hatsari ne ga jama'a. Mace mai ciki da ƙaramin yaro, hanyarsu ita ce gidan likita.

Itacen kansa yana cikin matsi. Farin 1973 da na 1984, da faɗaɗa gonaki, sun rage dajin jahar Maraɗi ƙwarai. Tun daga 1983 manoman jahar suka rungumi dabarar barin tohon kututture a gona, har gawo da kalgo da sabara suka dawo a miliyoyin eka. Amma wannan dabara tana bukatar saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa, alhali saiwar uwar magunguna ita ce ake haƙewa a kai kasuwa. In an tone ta duka, babu abin da zai toho.

Saboda haka aiki ya rataya a wuyan kowa. Masu haƙa su ɗebi gefe guda, su mayar da ƙasa. Ma'aikatan gandun daji su sa itacen cikin waɗanda ake reno. A shekarar 1980 farfesa Adjanohoun da abokan aikinsa sun wallafa littafi kan tsirran magani na Nijar, amma da Faransanci. Waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci suna iya cike wannan giɓi: su zauna da dattawan garinsu, su rubuta sunan kowane tsiro da Hausa, da inda yake fitowa, da amfaninsa, da haɗarinsa, tun masu sanin suna da rai.